Bututun da Yaya Labbo Ya Zaɓa

Ban san mutum yana jin kunyar ƙishirwa ba sai da muka wuce Arlit.

Ni maƙerin farin ƙarfe ne a Illela. Rumfarmu tana bayan 'yan albasa, a nan muke yanka kwano da gwangwani muna yin bokiti da mazurari da murhun gawayi, wani lokaci kuma mu narka alminiyam mu zuba tukwane. Shi ya sa da zan yi tafiya na raina jarkar roba irin wadda kowa yake saye a Konni. Na zauna na ƙera tawa ta kwano, na liƙe ta da dalma, na ɗinka mata rigar buhu. A tashar Agadas har nuna ta nake yi wa abokan tafiya. Da motarmu ta shiga rairayi ta fara wurgi da mu sama da ƙasa, sai na ji wandona ya jiƙe. Haɗin gindin jarkar ne ya buɗe. Kafin in ankara ruwan ya tsiyaye ƙarƙashin kayan mutane.

Rana ta hau tsaka, kowa yana kurɓar nasa, ni kuma na rungume jarkar wofi kamar akwai wani abu a ciki. Wata mata 'yar Matamai da ke zaune gabana da 'ya'yanta ta daɗe tana kallona.

"Bawan Allah, tun safe ban ga ka sha ruwa ba."

"Azumi nike," na ce mata.

"Azumi a nan?" Ta yi 'yar dariya, ta tsiyaya ruwa a murfin jarkarta ta miƙo mini. "Kama, Allah ya san matafiyi."

Na karɓa na shanye, ban iya ɗaga ido na dube ta ba. Haka ta riƙa rage ruwan 'ya'yanta tana ba ni har muka kai iyaka. Ko sunanta ban tambaya ba.

Wurin wana zan je, Yaya Labbo, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Shi ya goya ni ina ƙarami, shi ya fara riƙe mini hannu a kan almakashin yankan kwano. Ya riga ni shiga Aljeriya da shekaru. An taɓa koro shi sau ɗaya, ya zo gida, ƙauyenmu Garu, ya yi damina bai ce wa kowa komai game da abin da ya gani ba, da kaka ta yi ya sake komawa. Daga baya ya fara kirana a waya yana cewa, "Sahabi, taho. Akwai aikin kwano a ƙasar nan, kuma hannu irin naka nika nema." Na bar matata da ɗiyata wurin Inna, na bi kiransa.

A Tamanrasat na daɗe ina jiran ya aiko a ɗauke ni. A gidan da baƙi suke sauka na haɗu da wani mutum mai fara'a, yana Hausa irin ta Tawa, kamar a bakin kasuwarmu. Ya ce masu tsaron hanya suna ƙwace duk wani ƙarfe mai kaifi, gara in ba shi jakar kayan aikina ya aika da ita ta hannun direban da ya sani. A cikin jakar akwai almakashin babanmu da gudumarsa. Na ba shi da hannuna, har da godiya. Ban sake ganinsa ba. Mutanen gidan ba su yi mini dariya ba, sai dai wani dattijo ya ce, "Kai ma?" ya ci gaba da gyaran takalminsa. Na koma ɗaukar bulo a wurin gini don in ci abinci. Duk wanda ya tambaye ni sana'ata sai in ce lebura ne, domin maƙerin da ba shi da ko guduma bai da bakin cewa shi maƙeri ne.

Da saƙon Yaya ya iso aka tura ni Gardaya, daga Gardaya sai arewa, a bayan motar da ta ɗauko buhunan dabino. Tun a hanya iska ta canza. Mu mutanen Illela muna ganin mun san sanyi, amma abin da na tarar a Jalfa, garin da Yaya yake, wani abu ne daban. Ruwa yana daskarewa a bokiti. Idan ka yi alwala sai yatsunka su ƙi lanƙwasuwa. Ranar da na fara ganin dusar ƙanƙara tana zuba na tsaya baki buɗe, har yara suka taru suna nuna ni.

Yaya Labbo ya tarbe ni a wani gini da ba a ƙarasa ba a gefen gari, inda yake kwana. Ya yi ƙiba kaɗan, yana sanye da baƙar rigar fata, yana Larabcinsu kamar a nan aka haife shi. Ya rungume ni, sannan ya dubi hannuna.

"Ina kayan aikin?"

"An ɗauke su, Yaya."

"Har almakashin Baba?"

Na sunkuyar da kai. Ya ɗora shayi, ya ba ni bargonsa mai kauri, shi ya ɗauki sirara.

Abu ɗaya ya gargaɗe ni a kai. A wurin aiki ba zan kira shi Yaya ba, shi ma ba zai ce ni ƙanensa ne ba. Ya ce idan aka san mu 'yan'uwa ne, duk abin da ya sami ɗaya sai an nemo ɗayan. Na gane hujjarsa, amma duk lokacin da ya nuna ni ya ce wa mai gida, "Wannan ma'aikacina ne," sai in kau da kai.

Aikinsa bututun hayaƙi ne. A ƙasar nan kowane gida yana da murhun ɗumama ɗaki, wani na iskar gas, wani na baƙin man da suke kira mazut, a ƙauyuka kuma na itace. Daga murhun akwai rami a cikin bango, an gina shi da jan bulo, ya miƙe har saman rufi. Idan ginin ya tsufa sai ya tsattsage, hayaƙi ya riƙa ratsowa cikin ɗakuna. Yaya ya ce hayaƙin da ake gani mai sauƙi ne, akwai wata iska a cikinsa da ba ta da wari ba ta da launi, ita ce take kwantar da mutanen gida gaba ɗaya su kwana ba su tashi ba. Maganin abin shi ne a zura bututun ƙarfe a cikin ramin tun daga sama har bakin murhu, hayaƙin ya bi ta cikinsa bai taɓa bango ba.

A saman rufin mutane ya koya mini aikin, iska tana dukanmu. "Kada ka fara duban rami," yake cewa. "Fara tambayar mi suke ƙonawa." Ya nuna mini bututun kwano irin namu da ya ciro daga wani gida mai murhun mazut. Gumin hayaƙin ya cinye shi, ya zama kamar rariya. Ya ce mazut da itace ba su da aboki sai farin ƙarfen nan mara tsatsa da suke kira inoks, kuma ga itace sai mai fata biyu, mai santsi a ciki, don kunkunniya ta rasa wurin maƙalewa. Faɗin bututu kuma bakin murhu ne yake faɗarsa, ba faɗin rami ba. Idan ya yi faɗi da yawa hayaƙi zai huce a hanya ya koma ruwa, idan ya matse sai ya dawo cikin ɗaki. Da igiya yake auna bakin murhu, ya ƙulla ta a daidai wurin, ya sa a aljihu. Akwai kuma wani bututu mara nauyi na alminiyam, mai miƙewa kamar maƙogwaron rago, wanda muke sa wa masu gidan abinci don fitar da tururin girki.

"Wanga," ya ce yana kaɗa shi da hannu ɗaya, "ko da wasa kada ya kusanci wutar itace."

Ban buƙaci bayani ba. Da gawayi da zugazugi nake narkar da alminiyam a Illela, na san yadda yake saurin sallamawa.

Na ji daɗin watannin nan duk da sanyin. Ina alfahari da wana. Amma kewar gida ba ta bar ni ba. Ranar Lahadi ce ta fi yi mini nauyi, don na san kasuwar Illela tana ci, masu amalanke suna ihu a ba su hanya, 'yan canji suna kiran sefa da naira, Fulanin bayan gari suna shigowa da nono. Ni kuma ina saman rufin wani, fuskata baƙi ƙirin da kunkunniya, yaran unguwa suna tambayata ko wankewa take yi.

Da sanyi ya kai tsakiya sai aka fara kamen baƙi marasa takarda. Ana tare titi a tsakiyar gari, a kwashe mutane a mota, sai a ji labarinsu a can bakin iyaka. Yaya ya canza. Ya daina cin abinci sosai. Idan mota ta rage gudu a kusa da gininmu sai ya ajiye cokali ya kasa kunne. Ya daina shiga gari sam. Na ɗauka zazzaɓi ne yake damunsa, har ina ce masa ya sha magani.

A cikin wannan hali wani tsoho ya zo nemanmu wata safiya da tsohuwar motarsa a-kori-kura. Makiyayin tumaki ne daga wani ƙauye a bayan gari, sunansa Lahdar, kowa yana ce masa Ammi Lahdar, wato Baffa. Ya ce matar ɗansa ta haihu, ɗan kuma yana aiki a nesa. Tun da aka fara hura murhu take fama da ciwon kai da jiri, jinjirin ma barcinsa ya yi yawa.

Muka je muka duba. Murhun itace ne a falo, ramin hayaƙin kuma ya bi ta cikin bangon ɗakin mai jego. Bangon ya yi baƙin tabo daga sama har ƙasa. Yaya ya hau rufi ya leƙa da tocila, ya ce bulon ya farfashe, kuma ramin yana da lanƙwasa a tsakiya. Ya auna bakin murhu da igiyarsa. Ya ce wa tsohon kada a sake hura wuta sai mun dawo gobe da bututu. Tsohon ya dubi sama, gajimare ya yi nauyi, ya ce to, za su haɗu a ɗaki ɗaya su rufa da barguna, amma kada mu wuce goben.

Da muka koma masauki da la'asar, na ga Yaya ya jawo ragowar bututun alminiyam daga bayan buhunan siminti yana miƙe shi yana aunawa.

"Yaya, wanga na mi ne?"

"Na gidan tsoho."

"Itace suke ƙonawa."

"Na sani."

"Kai da bakinka kac ce..."

"Na san abin da nac ce." Bai dube ni ba. "Na ɗan lokaci ne. In kame ya lafa mu koma mu canza musu. Zan ce su riƙa hura wuta kaɗan-kaɗan."

"A cikin wanga sanyi wa zai hura wuta kaɗan? In kunkunniya ta kama wuta a ciki fa?"

"Sahabi." Ya ɗago kai. "Ni na koya maka aikin ga, ko kai ka koya min?"

A gidanmu ƙane ba ya wuce nan. Na san inoks a tsakiyar gari kawai ake sayar da shi, amma har lokacin ban haɗa wannan da wancan ba. Na ɗauka riba yake nema, kuma wannan tunanin ya fi komai ƙona mini rai.

Washegari tsohon ya zo ya ɗauke mu. Kafin mu taɓa aiki ya ce sai mun ci abinci. Tun da na shigo ƙasar ba a taɓa zaunar da ni a cikin gida ba, a bakin ƙofa ake miƙo mana abinci. Shi kuwa ya shimfiɗa mana darduma a falonsa, ya zauna tare da mu, muka sa hannu a akushi ɗaya na kuskus da naman rago. Ya ga ina rawar sanyi, ya tashi ya ɗauko wata doguwar rigar ulu mai hula irin tasu ya yafa mini. Yana ci yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

"Ku 'yan'uwa ne," ya ce.

"Ma'aikacina ne," in ji Yaya.

"Ni makiyayi ne, ɗana. Ina gane 'ya'yan tunkiya ɗaya a cikin garke. Goshinku iri ɗaya ne. Kai ne babba."

Yaya ya yi murmushin dole, bai ƙara musu ba.

Da muka fito tsakar gida muka sauke bututun, tsohon ya matso ya ɗaga shi da hannu ɗaya. Ya danna babban yatsansa a jiki, wurin ya lotsa. Ya daɗe yana duban lotsawar.

"Wannan zai iya da wutata?"

"Zai iya," in ji Yaya. "Sabon samfuri ne. Sai dai a riƙa hura ta a hankali."

Tsohon ya juyo wurina. Larabcina na makarantar allo ne da ɗan abin da na tsinta a wurin aiki, amma ya yi maganar a hankali yadda ba zan ce ban ji ba.

"Kai ƙarami. Jikana ne zai kwana jikin bangon nan. Da ɗanka ne, za ka sa wannan?"

Ina jin kukan jinjirin daga cikin ɗaki. Ina jin nauyin rigar da ke kafaɗata. Yaya yana tsaye a gefena, ina ganin takalminsa kawai. Na so ƙasa ta buɗe. Na so in ce ban sani ba, ni lebura ne. Bakina ya ce, "A'a."

Na yi tsammanin tsohon zai ɗaga murya ya kore mu, ko ya kira maƙwabta. Sai ya ajiye bututun a ƙasa a hankali, ya dubi Yaya.

"An gaya mini kai ne ka fi kowa iya aikin nan a wajen nan. Me ya sa?"

Da Yaya Labbo ya yi magana, muryar ba tasa ba ce.

"Tsoro nake ji, Ammi. Mai kyan a tsakiyar gari yake. An taɓa kama ni. An ajiye mu a cikin rairayi aka nuna mana hanya da yatsa. Mutumin da muke tafiya tare ya zauna ya huta, bai sake tashi ba. Tun da aka fara kamen nan ba na iya taka titin can. Ƙafafuna ba sa zuwa."

Da Larabci ya faɗa, amma na ji duka. Abin da ya ɓoye wa Inna, ya ɓoye wa matarsa, ya ɓoye wa kowa a Garu, ni na sa ya faɗe shi a tsakar gidan baƙo, a gaban ƙanensa, matan gida suna ji ta bayan labule. Da riba yake nema da abin ya zo mini da sauƙi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma har yau ban san ko ta wa nake ji ba, tasa ko tawa.

Tsohon ya kaɗa kai. Ya ce, "Da ka faɗa tun jiya. Ba ni igiyar, ni zan je in sayo."

"Za su ba ka mai fata ɗaya su ce mai biyu ne," in ji Yaya. "Ko su ba ka wanda ba zai bi lanƙwasar ba. Sai da ido. Mu je tare."

Na ce, "Yaya, bari ni in tafi. Na san shi, ka nuna min."

Sai a lokacin ya dube ni. Da Hausa ya amsa. "Zauna nan. Kai ka yi naka."

Na tuɓe rigar ulun na miƙa masa don ya rufe kansa da hular. Ya wuce ta kamar bai gani ba, ya shiga mota.

Na hau rufi na fara share ramin don in sami abin yi. Na zura buroshi da igiya na yi ta ja, kunkunniya tana zubowa. Na gama, na sake sharewa. Duk motar da ta ɓullo daga nesa sai in miƙe tsaye. Dusar ƙanƙara ta fara sauka sama-sama.

Bayan la'asar motar ta dawo. Daga saman rufi na hango bututun a naɗe a baya yana ƙyalli. A gaba mutum ɗaya ne.

Tsohon ya fito ya tsaya riƙe da ƙofar motar, ya kasa shigowa gidansa. Ya ba ni labari a tsaye. Ya ce Yaya ya shiga shagon jikinsa yana rawa, amma da ya fara taɓa ƙarfe sai rawar ta tsaya. Ya ƙi na farko da aka kawo, ya ƙi na biyu, ya sa aka shiga can ciki aka ɗauko wanda yake so. Ya auna shi da igiyarsa, ya leƙa cikinsa, ya zaɓi hular da za a kifa a sama da maɗaurai. Suna cikin ɗaure kayan a mota sai 'yan sanda suka tare titin gaba da baya. Bai gudu ba. Ya ƙarasa ƙullin da yake yi, sannan ya miƙa wa tsohon igiyar awon ya ce, "Ka ce wa ƙanena ya fara zurawa daga sama, ya bi lanƙwasar a hankali, kada ya tilasta." Tsohon ya ce ya roƙe su, ya ce baƙonsa ne, aikin gidansa yake yi. Ba a saurare shi ba, aka sa Yaya a motarsu aka tafi da shi.

"Ni na kai shi," in ji tsohon, idanunsa sun kawo ruwa.

A raina na san wanda ya kai shi, kuma ba tsohon ba ne.

Ni da tsohon muka yi aikin kafin duhu, ni a sama shi a ƙasa yana jan igiya. Bututun ya bi ramin, ya ɗan tsaya a lanƙwasar, na murɗa shi kaɗan ya wuce. Ya zauna a bakin murhun kamar tare aka ƙera su. Na ɗaure, na toshe gefen, na kifa hular. Muka ƙona ɗanyar ciyawa a murhu don gwaji. Hayaƙi ya miƙe sama, ko ɗigo bai fito ta bango ba. Aka hura wuta sosai, gidan ya yi ɗumi. Matar tsohon ta fito da jinjirin a naɗe ta nuna mini shi tana sa albarka. Na kasa kallonsa. Na ce hannuna da datti, na fita waje.

Ammi Lahdar bai bar ni na koma ginin nan ba. A gidansa na ƙarasa sanyin, ina taya shi ba tumaki abinci, ina gyara wa mutanen ƙauyen bututunsu. Ciwon kan mai jego ya tafi, yaron ya yi ƙiba. Kowa yana yaba ni, yabon kuma yana yi mini ɗaci. Wayar Yaya a kashe take. Na yi makonni ban san ko yana raye ba, kuma duk lokacin da na kira gida sai in ce wa Inna yana wurin aiki. Daga baya wani maƙwabcinmu ya kira ya ce an ga Labbo a Arlit, an kwantar da shi saboda ƙafa, sannan aka ce ya iso gida. Na roƙa a ba shi waya. Kullum sai a ce yana barci.

Da sanyi ya sauka na ce wa tsohon zan tafi. Bai hana ni ba. Ya haɗa ni da wani direba ɗan'uwansa da ya sauke ni har Tamanrasat, daga nan na bi hanyar da na zo.

Ranar kasuwa na iso Illela. Maimakon in wuce Garu sai na shiga rumfarmu na zauna a bayan tarin bokitai, abokan aiki suna ta yi mini barka da zuwa, ni kuma ina jan lokaci. Sai da rana ta yi sanyi na hau babur.

Inna ta tarbe ni da kuka da dariya. Ta ce, "Yayanka yac ce kai ka tsaya ka ƙarasa wani aiki da kuka ɗauka. Allah shi yi maka albarka da ba ka bar aikin mutane ba." A nan na gane bai gaya wa kowa ba.

Yana zaune a ƙofar gida a kan tabarma, ya rame, sanda a gefensa. Ƙafarsa ta hagu a naɗe take da farin ƙyalle. Takalminsa ya yage a tafiyar rairayi, ciwon ya ruɓe, aka yanke masa wasu yatsu. Na durƙusa nesa kaɗan na gaishe shi. Tun daga Jalfa nake shirya abin da zan faɗa, kuma na shirya wa zagi, har da mari. Da ya yi ɗaya daga ciki da na samu sauƙi.

Ya amsa gaisuwar. Ya tambayi hanya, ya tambayi tsohon. Awaki suna wucewa ta gabanmu za su shiga gida.

"Bututun," ya ce. "Ya shiga?"

"Ya shiga, Yaya."

"Lanƙwasar fa?"

"Ya ɗan tsaya, na murɗa shi, ya wuce."

"Yaron?"

"Yana nan lafiya. Har ya fara zama kafin in taho."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Na san za shi shiga," ya ce.

Aka kira sallar magariba. Ya laluba sandarsa, ta zame ta faɗi can gefe. Na yunƙura zan ɗauko masa, sai ya ce, "Bar ta. Matso." Na matsa. Ya dafa kafaɗata ya miƙe da ƙyar, ya sakar mini nauyinsa gaba ɗaya. Haka muka tafi masallaci, shi yana gaisawa da mutane, ni idona yana ƙasa ina duba masa inda zai taka.